Manhajar Da Ba Ta San Hanyar Gida Ba

Duk lokacin da aka zo kare kundin digiri a sassan kimiyyar kwamfuta na manyan makarantunmu, akwai jimlar da malamai suka gaji da ji: "Wallahi Malam, a kwamfutata tana aiki." Ɗalibi ya kwashe watanni yana rubuta manhajar tattara sakamakon jarrabawa ko ta ajiye bayanan marasa lafiya, ya kwafo ta a filas, an saka ta a kwamfutar sashe, ta ce ba ta san zancen ba. Sau da yawa yaron gaskiya yake faɗi, kuma lissafin da ke cikin manhajar daidai yake. Abin da ya kayar da shi shi ne adireshin fayil, wato kwatancen da ya ba manhajar domin ta gano inda bayananta suke. A kan wannan ƙaramin abu nake so mu tsaya a wannan mako.

Kowane fayil a kwamfuta yana zaune ne cikin folda, foldar kuma cikin wata, har a kai ga tushe. Kwatancen zuwa wurinsa iri biyu ne. Akwai cikakke, wanda ke farawa daga tushe, kamar a ce Najeriya, Jihar Zamfara, Gusau, Damba, gida kaza. Akwai kuma wanda ya dogara da inda mai tambaya yake tsaye. Idan ka ce wa matafiyi a Tsafe ya miƙe hanyar Sakkwato, babban garin da zai shiga shi ne inda ake nufi, Gusau ka aike shi. Idan a Gusau ka faɗi wannan magana, ka tura shi Bungudu ke nan. Ɗalibin da ya rubuta cikakken adireshi ya ɗaure manhajarsa da kwamfuta guda, domin sunansa na cikin adireshin. Wanda ya rubuta gajere kuwa ya ɗaure ta da wurin da aka tsaya aka tayar da ita.

Sai kuma batun sandar da ke raba sunayen foldodi. Tsarin Unix, wanda Linux da macOS da Android suka bi sawunsa, yana amfani da alamar / ne. Da kamfanin Microsoft ya shigo da foldodi cikin MS-DOS 2.0 a 1983, ya tarar an riga an ba wannan alama wani aiki a umarnin tsarin, sai ya ɗauki kishiyarta, wato \, kuma Windows ya gaje ta har yau. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Damuwar ita ce ɗalibanmu a tsakanin gidajen biyu suke rayuwa: wanda ke da laftof galibi Windows ce a kai, wanda ba shi da ita a wayar Android yake gwada darasinsa, manhajar kuma idan ta girma aka ɗora ta a intanet, kusan ko da yaushe kan Linux za ta sauka.

A harshen Python, wanda Guido van Rossum ɗan ƙasar Holan ya fitar a 1991, kuma wanda matasanmu da dama suke fara koyo a jami'a ko a shirin 3MTT na Gwamnatin Tarayya, sandar Windows tana da wata ma'anar ta daban. Idan ta haɗu da wasu haruffa sai ta sauya musu aiki. Misali, a ce ma'aikaci ya buɗe foldodi huɗu da ƙananan haruffa: gusau, damba, tsafe da bungudu. Adireshin biyun farko zai wuce, sai ɗan gargaɗi, domin \g da \d ba su da wata ma'ana ta musamman. Amma \t tazara ce, \b kuma umarni ne na komawa baya da harafi ɗaya. Saboda haka Tsafe da Bungudu za su ɓace, manhajar ta ce babu irin waɗannan foldodi, alhali ga su nan ido na kallonsu. Na sha ganin ɗalibai masu ƙwazo sun kwana a kan irin wannan, suna zargin ƙwayar cutar kwamfuta.

Tushen matsalar shi ne ɗaukar adireshi a matsayin jerin haruffa kawai, ana manna wannan guntu da wancan da hannu. A 2014, cikin Python 3.4, aka shigo da wani sashe mai suna pathlib, wanda Antoine Pitrou ya tsara. Dabarar da ke cikinsa ita ce a mayar da adireshi wani abu mai zaman kansa, wanda ya san sunansa, ya san foldar da ta haife shi, ya kuma san tsarin da yake zaune a kai. Bambancin kamar na takardar kwatance ne da ɗan jagora. Takarda ba ta amsa tambaya, ɗan jagora kuwa za ka iya ce masa, gidan yana nan? Waye maƙwabcinsa? Daga Python 3.6 a 2016, umarnin buɗe fayil da sauran manyan sassan harshen suka fara karɓar irin wannan adireshi kai tsaye, don haka uzurin cewa bai dace da tsoffin kayan aiki ba ya daɗe da faɗuwa.

Ga yadda abin yake a aikace. Mai rubutu zai ce Path(__file__).parent / "bayanai" / "sakamako.csv". Fassararsa ita ce: fara daga foldar da wannan manhaja take zaune, shiga foldar bayanai, ɗauko sakamako. Babu sunan mai kwamfuta a ciki, babu harafin faifai, kuma sandar da ke tsakani umarni ce ta haɗawa, Python ce za ta sa alamar da ta dace da Windows ko Linux. A kwafe foldar zuwa filas, a kai ta Tsafe ko Zariya, za ta gane hanyarta. Daga nan sai tambayoyi: exists yana faɗin ko fayil yana nan, suffix yana faɗin nau'insa, stem yana ba da sunansa tsura, mkdir yana gina folda, rglob kuma yana ratsa folda da 'ya'yanta da jikokinta ya zaƙulo duk fayil mai irin sunan da aka nema. Ofishin da ya tara dubban takardun da aka ɗauki hotonsu, kowace da sunan da inji ya ga dama ya ba ta, layi goma sun isa a rarraba su shekara-shekara.

Mu masu rubutu da Hausa muna da ƙarin dalili. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, ba sa cikin tsohon tsarin haruffan da Windows ta Ingilishi take dogara da shi. Idan manhaja ta buɗe fayil ba tare da an faɗa mata tsarin ba, sunan Ɗanladi ko Ƙaura Namoda zai iya fitowa a hargitse, ko rubutun ya tsaya cak. Adireshin pathlib yana da read_text da write_text, kuma a nan ne ake rubuta encoding="utf-8" sau ɗaya a huta. A kula kuma da manyan haruffa: a Windows, Sakamako da sakamako fayil ɗaya ne, a Linux biyu ne.

Kada mai karatu ya ɗauka laya ce nake tallatawa. Wanda ya cusa sandar Windows cikin rubutu sannan ya miƙa wa Path, Tsafe za ta sake ɓace masa. Umarnin rename, idan ya tarar da fayil mai sunan da aka ba shi, a Windows zai tsaya ya koka, a Linux kuwa zai danne tsohon shiru. A yi tunanin sakamakon ɗalibai biyu masu suna ɗaya, kuma Allah Ya sani ba mu rasa Abubakar Muhammad biyu a aji guda. Manyan kamfanoni ma sun taɓa faɗawa ramin adireshi. A watan Janairun 2015 an gano cewa wani layi a manhajar wasanni ta Steam da ke kan Linux, wanda aikinsa share foldar manhajar ne, idan sunan foldar ya zo fanko sai ya koma sharewa daga tushe, kuma akwai wanda ya rasa fayilolinsa har da na faifan ajiyar da ke jone. Da wani harshe aka rubuta wancan layin, amma a Python ma adireshi fanko yana nufin foldar da kake tsaye a ciki. Fa'idar pathlib a nan ita ce yana ba ka hanyar bincike kafin ka yanke: resolve ya warware maka cikakken adireshi, is_relative_to, wanda ya zo a Python 3.9, ya tabbatar maka cewa abin da za ka share yana cikin shingen da ka nufa.

Abin da nake gani, kuma na san wasu abokan aikina za su ce na cika tsanani, shi ne mu daina ajiye wannan darasi sai aji uku ko huɗu. Tsoffin bayanan darasi da ake ta kwafa daga shekara zuwa shekara suna koyar da manna haruffa da alamar tarawa, yaro kuma abin da ya fara sabawa da shi yake tafiya da shi wurin aiki. A ranar da aka fara koya masa buɗe fayil, a ranar ya kamata ya ga Path. Jami'ar Tarayya ta Gusau da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara da cibiyoyin koyon kwamfuta na cikin gari duk za su iya yin wannan ba tare da sayen ko da waya guda ba, tunda pathlib yana zuwa ne tare da Python. Sannan a ranar kare kundi, a karɓi filas daga hannun ɗalibi, a tayar da manhajar a kwamfutar da bai taɓa gani ba, a ware wa wannan gwaji makinsa, kuma a sanar da ajin haka tun makon farko na zango.