Filin Kimiyya: Lantarki da Ciwon Bayan Doki

Yawancinmu mun sha kallon Hawan Sallah a Kano, Katsina ko Zariya, wasunmu ma akwai doki a gida. Idon ɗan kallo kan tsaya ne kan ado da kwalliya, ba kan bayan da ke ɗauke da sirdi da mahayi tun safe har yamma ba. A wannan mako bayan doki za mu duba, da wata hanyar jinya da likitocin dabbobi ke amfani da ita, musamman ga dawakan tsere a Turai da Amurka.

Doki ba zai ce mana bayansa na ciwo ba, amma yana nunawa. Yakan lanƙwashe baya idan an ɗora masa sirdi, ya kwantar da kunnuwa, ya yi cizo lokacin ɗaure majayi, ko ya ƙi sukuwa. Sau da yawa mukan ce taurin kai ne, mu ɗauko bulala, alhali zafi yake ji.

To ina ruwan lantarki da wannan? Mu tuna darasin Bayoloji. Ƙwaƙwalwa tana aika saƙo ta laka da jijiyoyi, kuma saƙon ɗan ƙaramin lantarki ne. Da ya isa tsoka sai ta takure, da ya ɗauke sai ta saki. Wani likita ɗan Italiya, Luigi Galvani, ya ga ƙafar mataccen kwaɗo tana motsi idan lantarki ya taɓa jijiyarta, ya kuma wallafa bincikensa a 1791.

Wannan ilimi ne na'urar jinyar ke amfani da shi. Likita kan jiƙa gashin bayan dokin ko ya shafa wani ruwa mai yauƙi, domin busasshen gashi ba ya barin lantarki ya wuce. Sai ya manna wasu faifai masu waya, ya kunna na'urar daga ƙasa-ƙasa, yana ƙarawa yana lura da dokin. Tsokar takan riƙa takurewa tana saki, tamkar tana motsa jiki alhali dokin na tsaye. Abin da ake nema shi ne tsokar da ta ɗaure ta sassauta, jini ya gudana, wadda ta rame saboda rashin aiki kuma ta farfaɗo.

Amma mu lura, na'ura ba ta gyara musabbabi. Doki yana da haƙarƙari 18 a kowane gefe, kuma a kan wannan sashe sirdi ke zama. Idan sirdin ya matse, ko jalala ta naɗe tana gurzar fata, ko mahayi ya yi masa nauyi, ciwon zai dawo ko an yi ta jinya. Wani lokaci ma ciwon daga ƙafa yake, dokin na karkata don ya sauƙaƙa mata. Wani lokaci kuma tsinin ƙasusuwan baya ne ke gogar juna, sai an ɗauki hoton ƙashi a gani. Shi ya sa likita ke fara bincike kafin ya taɓa na'ura.

Gargaɗi, musamman ga masu son haɗe-haɗen waya: kada wanda ya gwada wannan a gida. Na'urar likita tana fitar da lantarki kaɗan, gwargwadon awo. Wutar gida kuwa ta kai bolt 230, tana iya kashe doki da mai dokin.

Abin da ke hannunmu ya fi sauƙi. Bayan an sauke sirdi, mu shafa bayan dokin da tafin hannu. Idan mun ji kumburi ko zafi, ko mun ga miki, ko ya zabura, a hutar da shi, a gaya wa manya su kira likitan dabbobi. Mai sha'awar wannan aiki kuma ya riƙe Bayoloji, Fiziks da Kemistiri da kyau, domin akwai tsangayar koyon likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.

Tambayar mako: me ya sa jiƙaƙƙen hannu ya fi busasshe haɗari idan aka taɓa soket? Ku rubuto mana amsa, da sunan makarantarku da ajinku. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.