A tattara tarihin kakannin da suka haƙi kwal da kuza

Malam Edita,

A nan Utako, Abuja, hedkwatar Hukumar Binciken Ma'adinai ta Najeriya take, hukumar da aka kafa tun 1919. Tana adana taswirori da samfurin duwatsu, kuma aiki ne mai kyau. Amma mutanen da suka fasa duwatsun nan da diga da shebur, babu inda aka adana sunayensu yadda iyalansu za su gani, alhali jikokinsu na nan birjik a kasuwar Utako da tashoshin motar da ke lodin Enugu da Jos kullum safiya. Shi ya sa mai wannan wasiƙa yake kira ga mazauna unguwar da su kafa ƙaramar ƙungiyar sa-kai ta bin salsalar iyali.

Da yawa daga cikin Hausawa na ɗaukar labarin kwal a matsayin labarin 'yan ƙabilar Ibo kaɗai. Gaskiya ne a ƙasarsu aka gano shi, a tsaunukan Udi a 1909, kuma su ne suka fi shiga ramin. A 1916 layin dogo ya haɗa ma'adinan da Fatakwal, garin Enugu kuma ya tashi a gindin tsaunin har ake masa laƙabi da birnin kwal. Sai dai kwal ɗin bai tsaya a kudu ba. Shi ne makamashin jiragen ƙasan da suka riƙa kwashe gyaɗar Kano da audugar Zariya zuwa bakin teku. Fatake da mahauta daga arewa sun bi layin dogon suka zauna a Enugu, har ɗaya daga cikinsu, Malam Umaru Altine, Bafulatanin Sakkwato mai fataucin shanu, ya zama magajin garin Enugu na farko a shekarun 1950. Matasa nawa ne a Abuja suka taɓa jin wannan suna?

Ranar 18 ga Nuwamba, 1949, 'yan sandan mulkin mallaka suka buɗe wuta a kan leburorin da ke neman haƙƙinsu a mahaƙar Iva Valley. Mutum 21 suka mutu, 51 suka jikkata. Kisan ya girgiza ƙasar baki ɗaya, ya kuma ƙara wa masu neman 'yancin kai ƙarfin gwiwa. Daga baya jiragen ƙasa suka koma shan dizal, man fetur ya fito, yaƙin basasa ya zo, sai mahaƙan suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

Inda abin ya fi taɓa gidajen Hausawa kai tsaye shi ne filin kuza na Filato. Tun farkon ƙarni na 20 samari daga ƙasashen Kano da Katsina da Zazzau da Sakkwato suke gangarawa barikokin Naraguta da Bukuru da Barikin Ladi, wasu don neman kuɗin haraji, wasu don sadaki, suna ɗaukar ƙasa a kwano a ka daga rami zuwa wurin wanki. Birom kuwa gonakinsu ne aka tone. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai gwamnatin mulkin mallaka ta kafa aikin tilas. Ta hannun hakimai da dagatai aka riƙa ɗiban mutane ƙauye-ƙauye, abin da talakawa suka kira ɗiban gwamna, har zuwa 1944. Dubban mutanen da suka saba da zafin Sakkwato aka kai su sanyin Jos ba bargon kirki, ba isasshen abinci, kuma da yawansu can aka binne su. Akwai gidajen da har yau abin da suka sani game da kakansu shi ne ya tafi kuza bai dawo ba. Wannan ciwo ne, kuma yana da magani, domin amsar ba ta ɓace gaba ɗaya ba.

A cikin irin ramukan nan ne aka tsinci gumakan yumɓu na Nok, waɗanda duniya ta sani yanzu, kuma suna cikin abin da ya sa aka buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. Leburorin da shebur ɗinsu ya fara taɓa su sun cancanci a san su.

A Ingila an rufe mahaƙar kwal mai zurfi ta ƙarshe, Kellingley, a Disambar 2015, amma mutanen garuruwan ma'adinai ba su bar zancen ba. Suna da gidan tarihin haƙar kwal kusa da Wakefield, kuma ƙananan ƙungiyoyin unguwa ke bin rajistar ma'aikata suna haɗa kaka da jika. Ba kuɗi ne babban jarinsu ba, naci ne.

Mu ma muna da kayan aiki. Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna na riƙe da fayilolin lardunan arewa, akwai wata irinta a Enugu, ga Gidan Arewa, ga tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun daga 1939. Littafin Bill Freund na 1981 kan leburorin kuza da na Carolyn Brown na 2003 kan mahaƙan Enugu sun share hanya. Abin da ya fi gaggawa shi ne dattawa. Wanda aka ɗiba a 1943 yana saurayi, in yana raye ya haura ɗari, amma 'ya'yansu na nan, sun ji labarin daga bakinsu. Wayar hannu ta isa a naɗi muryarsu: sunan kaka, garinsu, barikin da ya zauna, sunan helimansa, da shekarar da ya dawo in ya dawo.

Malam Edita, roƙon shi ne jaridarku ta ware ɗan fili duk wata inda masu karatu za su aiko da irin waɗannan bayanai, da izinin iyalansu. Masu unguwanni da shugabannin kasuwa da na tasha a Utako kuma su ba da wurin zama, a gayyato Bahaushe da Ibo da Birom da Gbagyi masu masaukin baƙi, a fara da rubuta sunaye.

Wassalam,
Mai karatunku,
Utako, Abuja