Taimakon Da Ya Tsiro Daga Kututture

Sau da yawa masu taimako su kan kawo wa ƙauye injin ban ruwa, a yi biki, a watse. Kafin shekara ta kewayo inji ya lalace, makaniki kuwa yana can birni. Lalle ya kamata irin waɗannan su dubi abin da ya faru a ƙasar Maraɗi kafin su sayi ƙarfe.

Cikin 1983 wani Baturen mishan, Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya gaji da dashen itatuwan da ke mutuwa. Sai ya lura kututturan da ake sassabewa kowace bazara suna da rai, saiwarsu na nan. Dabarar ita ce manomi ya bar 'yan rassa masu ƙarfi, ya sare sauran. Sunanta sassabin zamani, kayan aikinta wuƙa ce kurum.

Da yunwar 1984 ta zo, aka riƙa ba da hatsi ga mai barin itatuwa a gonarsa. To, hatsi na ƙarewa aka sare yawancinsu. Ai don hatsin aka yi. Amma waɗanda suka bar nasu suka sami itacen girki da abincin dabbobi, iska kuma ta rage binne shuka da rairayi. Maƙwabta suka gani, suka kwaikwaya, ba a ba su ko anini ba. Bayan shekara 20 da 'yan kai aka ƙiyasta gonakin da suka farfaɗo haka a Nijar sun kai kamar hekta miliyan 5.