Ba Turai Ce Ta Kayar da Pillars Ba

A gidajen kallon ƙwallo na Dukawuya, kamar na sauran unguwannin Kano, an riga an yanke hukunci: wai ƙwallon gida ta mutu, Firimiyar Ingila ce ta binne ta. Magana ce mai daɗin ji, amma ta ɗora laifi a inda ba nan yake ba.

Tarihi ya ƙaryata ta. Kano Pillars ta ɗauki kofin gasar ƙasa a 2008, ta sake ɗauka sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar, har ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka. A duk shekarun nan ana nuna wasan Arsenal da Chelsea lungu-lungu, amma filin Sani Abacha na Ƙofar Mata bai fasa cika ba.

Ɓarakar daga cikin gida take. Ƙungiyar ta gwamnati ce, shugabancinta yakan bi iskar siyasa maimakon sakamako. Ɗan wasa da ya fara haskawa sai ya tsallaka waje. Tarzomar 'yan kallo takan jawo tara da korar ƙungiya daga filinta. A 2022 aka zabtare mata maki, ta faɗa rukuni na biyu, kafin ta dawo a 2023.

Sai bango ya tsage ƙadangare kan samu wurin shiga. Masoya ba su gudu ba, riƙo ne ya lalace. Mai zargin Turai kuwa, masu riƙon yake wankewa.