A Gwada Kankare Tun Bai Gwada Mu Ba

Duk wanda ya daɗe bai bi ta unguwar Jabi a Abuja ba, in ya komo yanzu sai ya yi ta ɗaga kai yana kallon benaye, tun daga bakin tafki har zuwa wajen tashar mota. Wannan abin farin ciki ne, gama alama ce ta arziki. Amma fa mazauna unguwar ba su manta da watan Agusta na 2018 ba, sa'ad da wani bene da ba a gama gininsa ba ya rufta kusa da tashar Jabi, ya danne mutane, har aka yi asarar rai. Saboda haka a wannan mako muna so mu tattauna a kan wani ɗan ƙaramin aiki wanda rayukan mutane da yawa suka rataya a kansa, watau gwajin ƙarfin kankare.

Abin mamaki, a cikin Jabin nan ne babban ofishin Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Nijeriya yake, wadda aka fi sani da NBRRI. An kafa ta a 1978, babban ɗakin gwaje-gwajenta kuwa yana Ota a Jihar Ogun. Ban da ita, jami'o'i da manyan kwalejojin fasaha masu koyar da aikin injiniya suna da irin wannan ɗaki, akwai kuma na 'yan kasuwa. Watau ilmin yana nan kusa da mu, neman sa ne ba mu cika yi ba.

Da farko, mene ne kankare? Haɗin siminti ne da yashi da tsakuwa da ruwa. Simintin da muke aiki da shi ya samo asali daga wanda wani birkila na garin Lidis a Ingila, Joseph Aspdin, ya yi wa rajista a 1824. Mutane da yawa suna tsammani kankare bushewa yake yi kamar jar ƙasa. Ba haka ba ne. Ruwan da aka zuba shiga yake yi cikin simintin su zama abu guda mai tauri, wanda ke ɗaure yashi da tsakuwa. Wannan aiki ba ya ƙarewa cikin yini ɗaya ko biyu, yakan ɗauki makonni, kuma muddin danshi ya ƙare, aikin ya tsaya ke nan. Don haka ne ake ba sabon kankare ruwa, a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu har kwana bakwai a ƙalla, musamman lokacin hunturu da iska ke tsotse danshi nan da nan.

To, matsalar ita ce ido ba ya gane ƙarfin kankare. Ginshiƙin da aka yi da gaskiya da wanda aka yi wa ha'inci, in an shafe su da filasta da fenti, kamarsu ɗaya. Sai a yi ta yi wa rogo kallon kitse har ranar da nauyi ya hau.

Ga yadda ake gwajin. Ranar da ake zuba kankare, ma'aikacin ɗakin gwaji yakan zo wurin aikin da waɗansu 'yan akwatuna na ƙarfe, tsawo da faɗi da zurfin kowanne milimita 150, watau kusan inci 6. Daga cikin kankaren da ake zubawa a ginin zai ɗiba, ya cika akwatin a hawa uku, kowane hawa ya sossoke shi da sandar ƙarfe don iska ta fita. Ya rubuta kwanan wata da sashen ginin da aka zuba. Bayan kwana ɗaya a kwance akwatin, a fitar da curin, a nutsa shi cikin kwatarniyar ruwa. Ran kwana 7 a ɗauko waɗansu, ran kwana 28 a ɗauko sauran. A auna nauyin kowanne, a sa shi tsakanin faifai biyu na ƙarfe cikin injin matsi, injin ya yi ta matsawa sannu a hankali har curin ya tsage ya farfashe. Nauyin da ya ɗauka kafin ya fashe shi ne abin da ake rubutawa.

Bari mu kawo misali da lissafi don mai karatu ya gane. Fuskar curin nan murabba'in milimita 22,500 ce. In injiniya ya rubuta a takardar aiki cewa yana son kankare mai lamba 25, ma'anarsa kowane murabba'in milimita ɗaya ya ɗauki niyuton 25, wanda shi ne ma'aunin ƙarfi. In an tara, sai ya kama wajen tan 57. Tirela guda mai buhu 600 na siminti tan 30 take ɗauke da shi. Ashe ɗan curin nan da yaro zai iya runguma, in an yi shi yadda ya kamata, sai an ɗora masa kusan kayan tirela biyu kafin ya fashe. Gwajin kwana 7 kuwa gargaɗi ne, domin a lokacin kankare yakan kai wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa. In ya gaza sosai a nan, mai hankali sai ya dakatar da ɗora wani hawa har a ga abin da kwana 28 zai nuna. A Amurka sun fi amfani da curi mai siffar gwangwani, faɗi milimita 150, tsawo 300, amma manufar ɗaya ce.

Akwai gwaji na biyu wanda ba a cika jin labarinsa ba, shi ne na tauri, watau yawan motsawar da kankare ke yi in nauyi ya hau shi. Duk taurin abu yana ɗan lotsawa, ido ne ba ya gani. A wannan gwaji ba a fasa curin. Akan ɗaura masa wani ma'auni mai jin ƙanƙanin motsi, a matsa shi zuwa sulusin abin da zai iya ɗauka, a saki, a sake matsawa, ana duba yadda tsawonsa ke raguwa. Curi mai tsawon milimita 300 na kankare mai kyau, abin da zai ragu bai wuce kaurin silin gashi ba. Ƙarfen rodi ya fi kankare tauri wajen sau shida ko bakwai. Da wannan lissafi ne injiniya ke sanin ko rufin kankare zai sunkuya a tsakiya bayan shekaru, har bango ya tsattsage, ƙofofi su ƙi rufuwa, ko kuma dogon bene zai riƙa layi in guguwa ta taso. Gini yana iya ƙin faɗuwa amma ya hana masu shi barci.

Ya kamata kuma a sani kankare gwani ne wajen ɗaukar danniya, amma rago ne wajen ja. Ƙarfinsa in an ja shi bai wuce kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa in an danne shi ba. Dalilin sa rodi ke nan. Saboda haka gwajin kankare ba ya ɗauke wajibcin gwada rodi, da kuma gwada ƙasar da za a kafa harsashi a kanta.

Me ke raunana kankare? Babban abu shi ne yawan ruwa. Tun 1918 wani masani na Amurka, Duff Abrams, ya nuna cewa gwargwadon yawan ruwa a kan siminti, gwargwadon raguwar ƙarfi. Buhun siminti kilo 50 ne, kuma ga aikin yau da kullum jarka guda mai lita 25 ta kusa isarsa, har da danshin da ke cikin yashi. Na taɓa tsayawa a wani wurin gini na ga leburori suna ta kwarara ruwa cikin kwaɓi har ya koma kamar kunu. Da na tambaya, sai babbansu ya ce, "Malam, in bai yi ruwa ba, ba ya shiga tsakanin rodi, kuma kwanon sarki ya fi nauyi a kai." Gaskiyarsa ta wajen wahala, amma ruwan nan da ya yi yawa in ya ƙafe ƙananan ramuka yake bari, ramukan nan kuwa su ne raunin ginin. Akwai gwaji mai sauƙi na nan take: a cika wani mazurari na ƙarfe mai tsawon milimita 300 da ɗanyen kankare, a zare shi sama, a auna yadda tulin ya zauna. Minti biyar ya isa a gane an cika ruwa. Sauran abubuwan su ne rage siminti, da yashi mai laka, da simintin da ya kwana a danshi ya yi gudaji, da gaggawar cire katako.

Ginin da ya daɗe a yashe kuma, wanda ruwan sama da rana suka yi shekaru suna duka, bai kamata a komo masa da aiki ba sai an binciki lafiyarsa. Akwai wata guduma da injiniyan Suwizalan Ernst Schmidt ya ƙago a 1948, wadda ake dannawa a jikin ginshiƙi ta nuna taurin fuskarsa. In ana son tabbaci sai a huda a ciro ɗan curi daga jikin ginin a kai injin matsi.

Ba Jabi kaɗai ta ɗanɗana ba. Ran 1 ga Nuwamba 2021 bene mai hawa 21 ya rufta a Ikoyi ta Ikko, mutum fiye da 40 suka halaka. A watan Agusta na 2022 wani bene da ake ginawa ya faɗi a Titin Beirut a Kano. A Yuli 2024 ginin wata makaranta ya rufta a Jos, mutum 22 suka rasu, galibinsu 'yan makaranta. Kowanne da nasa sanadi, amma duka suna tuna mana abu guda: wanda ke mutuwa a ƙarƙashin gini yawanci ba shi ne ya rage siminti ba. Lebura ne, da mai sayar da abinci, da yaron da aka tura karatu.

Doka ba ta yi ƙaranci ba. Hukumar rajistar injiniyoyi ta COREN tana nan tun 1970, an kuma fitar da Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa a 2006. Abin da muke roƙo shi ne hukumar da ke ba da izinin gini a Abuja, da takwarorinta na jihohi, kada su yarda a ɗora hawa a kan hawa sai sun ga takardar gwajin na ƙasa. Su kuma lura da wata dabara: ɗan kwangila marar tsoron Allah yana iya kwaɓa kankare na musamman a gefe don akwatin gwaji, ya zuba wani daban a ginin. Maganin wannan shi ne a ɗibi samfurin a gaban wakilin mai gini, a kai ɗakin gwajin da ba na ɗan kwangilar ba.

Kai kuma mai gini, kuɗin gwajin nan ba a bakin kome yake ba in an kwatanta da kuɗin bene, balle ran mutum. Ka nemi takardar kwana 7 da ta kwana 28, ka ajiye su tare da takardun filinka. Magini kuma ya tuna cewa rage siminti tauye mudu ne, kuma mun san abin da addini ya faɗa a kan masu tauye mudu. Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane. Kowane kankare sai an gwada shi, ko dai a cikin inji ran kwana 28, ko kuwa a bisa kawunan bayin Allah.

Allah Ya kiyashe mu. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.