A Shata Wa Masu Gudu Hanya A Bakin Tafkunan Damagaram, Amma Da Sharaɗi

Duk wanda ya saba fitowa bayan sallar Asuba a birnin Damagaram ya san masu gudun motsa jiki ba baƙi ba ne a kan titi. Akwai 'yan ƙwallo da 'yan kokawa, akwai ɗalibai, akwai kuma magidantan da likita ya ja wa kunne kan hawan jini ko ciwon suga. Kusan dukkansu a gefen kwalta suke gudu, suna goga kafaɗa da 'yan kabu-kabu da manyan motoci, suna shaƙar hayaƙi. Wanda ya bi hanyar Tanut kuwa da tankokin da ke zirga-zirga zuwa matatar mai ta SORAZ zai yi rabon hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Shawara ce mai kyau, sai dai ba ta faɗi inda mutumin Birni ko Zango ko Kara-Kara zai yi gudun ba tare da ya sayar da ransa ba.

Ra'ayin wannan jarida shi ne wurin yana nan, an dai juya masa baya ne. Tafkunan cikin gari, irin su tafkin Kanya, da manyan ruwayen jihar irin na Gidimuni, za su iya ɗaukar hanyoyin ƙafa da aka shata, aka auna tsawonsu, aka kafa musu alamomi. Muna goyon bayan a yi hakan. Muna kuma gargaɗin cewa idan aka yi shi da gaggawa, garin neman gira za a rasa ido.

Ba a yi wa Badamagare bayanin darajar ruwa. Ƙarancinsa na cikin dalilan da ake bayarwa na ɗauke babban birnin ƙasa daga nan zuwa Yamai a 1926, kuma har gobe 'yan ga-ruwa ba su rasa ciniki a unguwanni da dama. Abin mamaki shi ne yadda gari mai wannan tarihi ya bar tafkunansa suka zama juji. Leda ta cika bakinsu, ruwan kwata yana kwarara ciki, kuma kowace rani sai wani ya ƙara cike wani lungu da shara da ƙasa, bayan shekara biyu a ga gini ya tashi a wurin. Idan damina ta yi ƙarfi, kamar ta 2024 da ta rushe gidaje masu yawa har da tsohon masallacin Birni, ruwa sai ya nemi tsohon mazauninsa, ya tarar da ɗakunan kwanan mutane.

A nan ne hanyar gudu take da wani amfani da ya wuce na lafiyar jiki. Tafkin da ba shi da iyakar da ido ke gani, kowa na iya gutsurarsa a ɓoye. Amma idan aka kewaye shi da hanyar jan ƙasa mai faɗin mita biyu ko uku, aka dasa bedi da gawo a gefe, ɗaruruwan mutane suna bi safe da yamma, to iyaka ta fito fili. Mai son ya kafa harsashi a cikin ruwa dole ya tsallaka hanyar jama'a da rana tsaka, kuma mai tuƙa amalanken shara zai tarar da masu ce masa ba a nan ba. Takardar hani da ke kwance a ofishin magajin gari ba ta taɓa yin wannan aikin ba.

Batun Gidimuni ya fi wannan sarƙaƙiya. Tafkin yana kimanin kilomita 70 gabas da Damagaram, a kan hanyar Gure, kewaye da dabino da lambuna. A 2019 aka sa shi cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci ga duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, wadda aka sa wa hannu a ƙasar Iran a 1971, Nijar kuma ta shige ta a 1987. Tafkin Lasuri, shi ma a wannan jiha, ya riga shi shiga tun 2005. Shiga wannan jeri alkawari ne ƙasa ta ɗauka cewa za a ci moriyar wurin ba tare da an kashe shi ba. Gidimuni kuwa yana fama ta fuska biyu: rairayi na gangarowa daga tuddai, ciyawar kacalla na cin ruwan daga ciki. Wanda yake son ganin ƙarshen wannan labari ya tambayi masunta da manoman Haɗeja da Nguru abin da kacalla ta yi wa magudanansu.

Wuri irin wannan yana buƙatar baƙi masu kashe kuɗi. Gudun fanfalaki na shekara-shekara, ko da na kilomita goma ne, zai kawo ciniki ga mai dabino da mai rake da mai abinci, ya kuma sa mutanen birni su san abin da suke da shi. Sai dai akwai cikas ɗin da masu shirya wasanni ba su cika lura da shi ba. Lokacin da gudu ya fi daɗi a nan shi ne lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, domin a Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40. Waɗannan watanni na sanyi su ne daidai lokacin da tsuntsayen da suka ƙetaro Sahara daga Turai suke sauka a ruwayen Sahel, su tarar da kirinjijiya da zalɓe da sauran 'yan gida. Tsuntsun da ya yi tafiyar dubban kilomitoci ya zo ne ya ci ya tara kitsen komawa. Duk lokacin da aka firgita shi ya tashi, ya ƙona abin da ya tara. Mutum ɗaya da ke wucewa daga nesa ba ya tayar da garke, amma mutum ɗari biyar da lasifika da babura masu rakiya za su iya watsa shi gaba ɗaya.

Saboda haka hanyar Gidimuni kada ta manne da bakin ruwa. Ta bi bayan lambuna da gindin tuddai, ta leƙo ruwan a wuri ɗaya ko biyu da jami'an gandun daji suka amince. Ranar gasa a bar lasifika da ababen hawa a cikin gari. Masana yanayin ƙasa da halittu na Jami'ar André Salifou suna nan kusa. A ba su damar su ƙidaya tsuntsayen, su nuna inda suke taruwa, kafin a kafa turke ko ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tsuntsaye ma masu sauƙi ne idan aka zo kan mutane. Bakin kowane tafki a Damagaram yana da masu shi tun kafin a haifi mai takalmin gudu: mai lambu, masunci, mai buga tubali, mata masu wanki, da makiyayin da burtalinsa ya ɓulle a mashaya. Mun sha ganin yadda ayyukan ƙawata gari suke farawa da korar talaka. Hanyar da za ta datse burtali ko ta cinye lambun wani rigima za ta haifar, kuma a ƙarshe dabbobi ne za su tattake ta. A zauna da masu unguwanni da hakimai da sarkin ruwa, a nemi albarkar fadar Sarkin Damagaram, a bar mashigar dabbobi a buɗe. Idan za a ɗauki masu kula da hanyar, 'ya'yan wurin za a fara dubawa. Fim ɗin da Aisha Macky ta fitar a 2021 ya nuna wa duniya matasan Kara-Kara masu ɗaga ƙarfe da ƙarfinsu ya rasa inda za shi. Ga aikin da ya dace da su: share hanya, dashen itatuwa, tsaro da asuba, musamman domin mata su samu natsuwar fitowa.

Ba mu ne za mu fara ba. A Legas, cibiyar kare halittu ta Lekki, da aka kafa a 1990 a kan fadamar da ke tsakanin teku da tafki, ta shimfiɗa hanyoyin katako a saman dausayi, ta hana kowa sauka daga kansu. Unguwannin da ke kewaye sun cika da benaye, ita kuwa tana nan da birai da tsuntsayenta, kuɗin shiga na taimaka wa riƙonta. Damagaram ba ta buƙatar katako mai tsada. Darasin da za a ɗauko shi ne a ba mutum inda zai taka, a kuma hana shi taka sauran.

Dole kuma a gaya wa jama'a gaskiya a kan allunan da za a kafa, da Hausa, da boko da ajami. Ruwan da ke kwance yana ɗauke da tsargiya, don haka wanda ya yi gumi kada ya faɗa ciki da sunan wanka. Sauro ya fi yawa da magariba a ƙarshen damina. Ranar da ƙurar hunturu ta rufe gari, mai asma ya haƙura.

Bikin Zinder Sabuwa na Disambar 2018 ya bar wa birnin kwalta da fitilu da gine-gine, amma mai tafiya da ƙafa bai samu kaso mai yawa ba. Abin da muke nema yanzu bai kai kuɗin shataletale guda ba. Hukumomin birni su zaɓi tafki ɗaya, su auna iyakarsa, su zuba jan ƙasa a kilomita biyu na farko kafin ruwan bana ya sauka, su kuma bayyana sunan jami'in da za a tuhuma idan leda ta dawo. Ranar 2 ga Fabrairu ce ranar dausayi ta duniya, kuma ta dace da a ɗauki 'yan makaranta a zaga da su wannan hanya. Gidimuni ya jira sai an ga yadda ta cikin gari ta kaya.