Gyara Ba Hasara Ba Ce

 Yau maganata da masu ƙaramin jari ce, musamman ma'auna hatsi.

Kasuwar Kurmi ta Kano tana ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya hau sarauta a 1463. A ganina amana ce ta riƙe ta, gama ba mai komawa inda aka cuce shi.

To, mu yi lissafi. In wani gida suna awon mudu guda wurinka kowane mako, mudu 52 ke nan a shekara. Ran da ka tauye musu, ka ci ribar yini ɗaya, ka yar da cinikin shekara, har da na maƙwabtansu, don ba za su yi shiru ba.

Saboda haka cika mudu, ka ɗora gyara. In yaro aka aiko, auna masa kamar maigidan ne tsaye. Kayanka in da aibi, faɗi tun ba a tambaya ba. Ka kuma saki fuska, gama shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Allah ya sa mu gane, amin.